DARASIN WANNAN WATA: TAKALMIN MAI FARAUTA A DUWATSU

Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama, sai gangar farauta ta fara tashi a ƙauyuka. Wannan yana wasa gatari, wancan yana goge bindigar toka, wani yana duba kwari da baka, karnuka ma an ƙara musu tuwo. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba sai an kama hanya, shi ne abin da za a sa wa ƙafa. Alhali kuwa ƙafar ce za ta kai mutum daji, ita ce kuma za ta dawo da shi gida.

Wanda yake farauta a fili, cikin saura da fadama, takalmin taya ma yakan fisshe shi. Darasinmu na yau na mutanen dutse ne: masu bin agwada da beguwa da kazar dutse a duwatsun Ningi, da na Tangale da Waja, da na ƙasar Filato, da masu hawan tsaunukan Mambila. Waɗannan wurare ba wasa ba ne. Duwatsun Shere da ke gabas da Jos sun haura mita 1,800 daga bakin teku. Can a jihar Taraba kuwa akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya. Sai dai mu yi tuni tun yanzu, shi wannan yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti ne, kuma doka ta hana farauta a cikinsa, kamar yadda ta hana a Yankari. Takalmi mai kyau ba lasin ba ne.

ABIN DA DUTSE KE YI WA ƘAFA

Hawa yana da wuya, amma gangara ta fi shi haɗari. Lokacin da mutum ya juyo gida ya riga ya gaji, gwiwa ta yi sanyi, ga nama a kafaɗa, rana kuma tana shirin faɗuwa. Duk nauyinsa da na kayansa kan yatsun ƙafa da idon sawu yake sauka. In ya taka tsakuwa a kan falalen dutse, sai ta mirgina da shi. In ya taka gansakuka a bakin ƙorama, sai santsi ya kwashe shi. Targaɗen da a cikin gari za a murza da man zafi a kwana biyu a warke, a bisa dutse yana iya sa mutum ya kwana a daji, don babu mota, babu babur, sai dai abokai su sungumo shi. In karaya ce kuwa, to, an shiga jinyar watanni, wataƙila har damina ta faɗi mai gida yana kwance wurin mai ɗori, gona ba mai nome ta.

Ga kuma ƙaya. Tsidau da ƙarangiya ƙananan abubuwa ne. Ƙayar aduwa da farar ƙaya su ne ke huda silifa su shiga tafin ƙafa, su karye a ciki, wuri ya ɗuri ruwa.

Amma babban abin tsoro shi ne maciji. Kububuwa, wadda a wasu wurare ake ce wa gobe-da-nisa, ba ta da girma, sau da yawa ba ta wuce kamu biyu ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Tana son fakewa a ƙarƙashin duwatsu. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ka ga dasashin mutum yana zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, wani har jini ya zuba masa a cikin ciki ko cikin kai. Yawan ɓarnarta ne ya sa ake da asibiti musamman na masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Abin da ya shafi darasinmu a nan shi ne, mafi yawan saran a ƙafa ake yin sa, daga yatsu zuwa ƙwauri. Wato daidai wurin da takalmi mai wuya yake rufewa.

Kada wani ya ɗauka da ya sa but ya gama da maciji. Kasa tana da dogayen haƙora, tana iya huda fata mai laushi. Abin da takalmi mai kauri ke yi shi ne rage haɗari ƙwarai, musamman ga ƙananan macizai irin kububuwa. Duk wanda aka sara, da takalmi ko babu, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure ƙafar tamau. A cire masa takalmin tun kafin kumburi ya kama, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafi ba tare da ɓata lokaci ba.

FARA DA JUYA TAKALMIN

Yawancinmu in mun je kasuwa saman takalmi muke kallo: ƙyalli, da launi, da sunan kamfani. Mai hawan dutse kuwa, abu na farko da zai yi shi ne ya kifa takalmin ya dubi ƙasansa, wato abin da masu gyaran takalma ke kira sol.

Akwai labari a kan wannan. A shekarar 1935 wani ɗan ƙasar Italiya mai suna Vitale Bramani ya fita hawan tsaunukan Alps da abokansa. Mummunan yanayi ya rutsa da su, mutum shida suka mutu. Bramani ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan irin takalman da suke sanye da su. A wancan zamani masu hawa dutse takalmin fata mai ƙusoshi suke sawa, in sun zo wurin da ke da wuyar hawa su sauya zuwa wani mara nauyi mai laushin ƙasa, wanda ba ya tsare sanyi, ba ya kuma kama ƙanƙara. Ya zauna ya yi ta gwaji har a 1937 ya fito da ƙasan takalmi na roba mai manyan haƙora, kamar na tayar mota. Kamfaninsa shi ne Vibram, wanda har yau ake ganin tambarinsa, ɗan rawaya mai kusurwa takwas, a ƙasan takalma da yawa. A 1954, lokacin da 'yan Italiya suka zama na farko da suka hau ƙololuwar K2, tsauni na biyu a tsawo a duniya, irin wannan ƙasan takalmi suka taka. Ba muna cewa dole sai mai wannan tambari ba, tun da jabu ma ya cika kasuwa. Abin lura shi ne, daga ƙasan takalmi gyaran ya fara, kuma rayuka aka rasa kafin a gane haka.

To, me za ka duba? Haƙoran su kasance da zurfi, kamar rabin santimita, wato ɗan ƙasa da kaurin fensir. Su kasance da tazara a tsakaninsu, don in sun matsu da juna laka takan cike su, ƙasan ya koma sumul kamar na silifa. Dunduniyar ta kasance da ɗan tudu mai kaifin baki, wanda ya rabu da sauran tafin. Wannan bakin shi ne birkinka a gangare.

Sa'an nan ka danna robar da farcen babban yatsa. In ta yi tauri ƙeƙe-da-ƙeƙe kamar robar bokiti, tana ƙyalli, ajiye ta, za ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse. In ta yi laushi ainun kamar soso, tana kama dutse sosai amma ba za ta shekara ba. Wadda ake nema ita ce mai ɗan lotsawa kaɗan ta dawo.

Daga nan kama takalmin da hannu biyu, ɗaya a baki ɗaya a dunduniya, ka murɗa shi kamar mai matse wanki. In ya murɗu da sauƙi, haka zai murɗe da ƙafarka a kan dutse. Na kirki yakan ƙi. Sai kuma ka lanƙwasa shi. Ya kamata ya lanƙwasu a gindin yatsu kaɗai, inda ƙafar mutum take lanƙwasuwa. Wanda ya naɗe a tsakiya kamar tabarma ba shi da ƙashin baya, duk tsinin dutsen da ka taka sai ka ji shi a tafin ƙafarka, kafin azahar ka fara ɗingishi.

Tsofaffin maharba suna da magana a nan, kuma ba za mu yi watsi da ita ba. Sukan ce takalmi mai tauri yana da ƙara, yana korar nama, kuma ba ya barin mutum ya ji abin da yake takawa. Gaskiya ne. Akwai waɗanda tun suna yara suke hawan dutse ba takalmi, tafin ƙafarsu ya yi kanta, a kan busasshen falale sun fi mai but sauri. Amma kanta ba ta tare haƙorin kububuwa. A ganinmu mafita ita ce a guji mai taurin katako irin na masu hawan ƙanƙara a Turai, a nemi matsakaici, a kuma koyi taka shi a hankali. Naman da ya gudu yau ana iya samun wani gobe.

WUYA, FATA DA ƊINKI

Wuyan takalmin ya haura idon sawu, in da hali ya kai kamar faɗin tafin hannu a samansa, a kuma ɗaure igiya har ƙarshe. Takalmi mai dogon wuya da aka bari a sake ba shi da bambanci da kambas. Dogon wando mai kauri ya sauko ya rufe wuyan, don kada tsakuwa da ƙaiƙayi su riƙa faɗawa ciki.

Fatar saniya mai kauri, wadda aka jeme da kyau, ita ta fi jure gogar dutse da ƙaya. Akwai masu haɗin fata da yadi, ba su da nauyi, suna shan iska, amma ƙaya takan ratsa yadin. Akwai kuma roba da aka yi wa zanen fata, wadda ke yaudarar mutane da yawa. Dubi bakin inda aka yanka: fata ta gaske za ka ga zare-zaren nama a cikinta, ta jabu kuwa za ka ga yadi ko soso an lulluɓe da leda. Irin wannan rana ɗaya ta rani ta isa ta fara ɓarewa.

Ka ƙirga ɗinki. Takalmin da aka harhaɗa da ƙananan ƙyallaye da yawa, kowane ɗinki ƙofa ce ta ruwa da yagewa. Ka ja harshen takalmin, wato fatar da ke ƙarƙashin igiya, ka gani ko an ɗinke gefensa biyu da jikin takalmin. In a sake yake, yashi zai shiga. Wanda aka ɗinke ƙasansa da samansa ya fi wanda aka manna da gam kawai, domin in ya cinye, mai gyaran takalma zai iya sa masa sabon ƙasa.

Wasu takalma suna da wani shafi a ciki mai hana ruwa shiga, za ka ga an rubuta Gore-Tex a jikinsu. Ga mutumin Gembu ko Nguroje, inda ruwa da raɓa da sanyi suka yi yawa, wannan abin nema ne. Ga mai farautar rani a duwatsun Bauchi ko Zamfara kuwa, zafi kawai zai ƙara masa, kuɗin ma ya fi kyau a sa su wani wuri.

Nauyi ma abin dubawa ne. Binciken da sojojin Amurka suka yi ya nuna nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa da aka goya a baya. Wannan ne ya sa ba mu ba da shawarar takalmin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki. An yi shi ne don kada bulo ya faɗo wa mutum a yatsa. A gangare ƙarfen nan shi zai yi ta dukan farcenka. Takalmin ruwa na roba, wanda manoma ke shiga fadama da shi, yana da amfani ƙwarai wajen tsare maciji a gona, amma ba ya kama idon sawu, ƙafa tana yawo a cikinsa, gumi kuma ya taru. In shi kaɗai gare ka, ya fi silifa nesa ba kusa ba, sai ka sa safa mai kauri ka bi a sannu. Wani abu kuma: guji duk abin da zai sa a ɗauke ka soja, don doka ta hana farar hula sa kayan sarki, ga ka kuma da bindiga a hannu.

HATTARA DA GWANJO

Mun san yawancin masu karatunmu a gwanjo za su saya, kuma ba laifi, sau da yawa na gwanjo ya fi sabo na jabu ƙarko. Amma akwai wani tarko. Takalma da yawa na Turai suna da wani soso tsakanin tafin da ƙafa, wanda in ya daɗe a ajiye, damshin iska yakan ruɓar da shi daga ciki. A ido takalmin sabo fil, haƙoransa ko cinyewa ba su yi ba. Ka sa shi ka yi tafiyar awa biyu, sai ƙasan ya ɓare ya rabu da saman, ka tsaya a tsakiyar dutse da fata a ƙafa. Don haka ka danna gefen soson da ƙarfi da farce. In ya farfashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, ko ya yi danƙo yana manne wa yatsa, ko ka ga ƙananan tsaga a jikinsa, ko kyauta aka ba ka kada ka hau dutse da shi. Araha ba ta ado.

Dubi dunduniya kuma. In ta cinye ta gefe guda, takalmin ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, zai riƙa karkatar da ƙafarka. Zura hannu ciki ka shafa, ko akwai ƙusa, ko yagewa a bayan dunduniya.

GWAJI

Duk abin da muka faɗa a baya banza ne in takalmin bai dace da ƙafarka ba. Kada ka aiki yaro da kara ko igiyar awo, kada kuma ka dogara da lamba. Kun koyi karanta lambobi a aji, to ga amfaninsu ga kuma iyakarsu: tsakanin lamba 42 da 43 bambancin bai kai santimita ɗaya ba, kuma 42 na wannan kamfani ba lalle ya yi daidai da 42 na wancan ba. Lamba ba ta faɗin faɗin ƙafa. Mutumin karkara da ya girma yana tafiya ba takalmi ko da silifa, yatsunsa a baje suke, takalmin da aka yi wa siririyar ƙafa zai matse shi ko da tsawon ya yi daidai.

Je kasuwa da yamma, bayan ka sha yawo, don ƙafa takan ɗan kumbura da yini, kamar yadda za ta yi a daji. Tafi da safar da za ka riƙa sawa. Gwada ƙafa biyu duka, tun da da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa suke daidai da juna, sai ka bi babbar.

Sa takalmin ba tare da ka ɗaure ba, ka tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa baki. Yatsan hannunka ɗaya ya iya shiga ta bayan dunduniya. In bai shiga ba, ya yi kaɗan. In biyu sun shiga suna wasa, ya yi yawa. Sa'an nan ka mai da dunduniya baya, ka ɗaure igiya sosai, ka tashi ka taka. Yatsu su iya motsi, amma dunduniya kada ta riƙa ɗagawa tana goga, don wannan gogar ita ke kawo bororo. Nemi ɗan gangare ko bakin dakali ka tsaya kana fuskantar ƙasa, ko ka ɗan doki ƙasa da bakin takalmin. In yatsunka suna cin karo da baki, to ranar da ka sauko daga dutse farcenka zai yi baƙi ya fita. Mai kaya zai ce maka, "Alhaji, ai zai buɗe." Fata takan ɗan buɗe ta faɗi, amma ba ta ƙara tsawo.

Safa ba ado ba ce. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, ƙafa ta jiƙe ta yi laushi, bororo ya samu wuri. Ta ulu ta fi, ko da zafi ake yi. Wasu sukan sa biyu, siririya a ciki mai kauri a waje, don gogar ta tsaya tsakanin safa da safa. A yanke farce kafin a fita.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Sabon takalmi ba a fara shi ranar farauta. Sa shi a gida, ka je kasuwa da shi, ka zaga gona, mako biyu ko uku, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har fatar ta san ƙafarka. Inda ka ji yana ci, shafa masa man kaɗe ta waje ka murza, ko ka kai wa baduku ya buɗa wurin. A daji kuwa, da zarar ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba.

In an dawo, a kankare laka, a ciro shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar takarda ko tsumma ya tsotse damshi, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Kada a kanga shi a bakin wuta, kada a bar shi a tsakar rana: fata za ta ƙeƙashe ta tsage, gam kuma ya saki. Lokacin hunturu a riƙa shafa masa man kaɗe ko kakin zuma kaɗan, musamman a kan ɗinki, amma kada a cika, don mai in ya yi yawa yakan sa fata ta saki jiki ta daina riƙe ƙafa. A rataye shi sama inda ɓera da gara ba za su kai ba. Kullum kuma kafin ka zura ƙafa, a gida ne ko a sansanin daji, kifa shi ka kakkaɓe da kyau, don kunama tana son ɗumin cikin takalmi.

Malaman azuzuwa, muna roƙon a mako mai zuwa kowane ɗalibi mai fita daji ya zo da takalminsa. A kifa su a tsakiyar aji, a karanta lambar kowanne a rubuta a allo, a murɗa, a lanƙwasa, a auna zurfin haƙora da fensir. Wanda aka ga ƙasansa ya shafe, a kai wa mai gyara tun kafin Sarkin Baka ya sa ranar fita.